Kakar Gyaɗa a Gidan Inna Hajo

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

Na iso Karaye lafiya. Tun daga bakin layi na jiyo ƙamshin gyaɗa ana soyawa, sai da na ajiye jaka na ɗan tsaya. Rabona da ƙamshin nan tun Umma na da rai.

A makaranta kowa rububin banki da ofisoshin Kano yake yi don IT, aikin sanin makamar aikin nan da ake tura mu. Ni na rubuta gidan man gyaɗar Inna Hajo. Malam Abdulsalami, mai koya mana darasin kafa sana'a, ya dubi takardar ya dube ni ya ce, "Bahijja, kin tabbata? Ko fanka ba lallai ki samu ba." Na ce na tabbata. Ban gaya masa cewa ita da mahaifiyata suka fara sana'ar ba, a Kwanyawa, da turmi ɗaya da kaskon aro, tun ba a haife ni ba. Daga baya suka dawo da ita Karaye. Da Abba ya samu aiki a Kano muka tashi, Umma ta bar mata komai. Ba su haɗa jini ba, amma "'yar uwata" kowacce ke kiran ɗaya.

Inna ta ɗan rame. Ta riƙe fuskata da hannu biyu ta ce, "Rekiya, kin sha hanya." Rekiya sunan Umma ne. Anti Lauratu, mai kula da suya, ta yi saurin cewa ai kamar ce ta yi yawa. Duk muka yi dariya.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da azahar

Kafaɗuna kamar ba nawa ba. Anti Lauratu ke soya gyaɗa a babban kasko da yashi. Ni da Adama, mai kula da inji, mu murje mu bakace, a niƙa, a juye a injin cuɗa ana yayyafa ruwan zafi har mai ya fara tsattsafowa. Abin da ya rage, tunkuza, da shi ake ƙuli-ƙuli.

A da babu inji. Ina tuna Umma da Inna a tsaye kan turmi suna juya taɓarya, suna gulmar mazajensu suna dariya, ni ina gindinsu ina jiran a gutsuro mini tunkuza mai ɗumi. Turmin yana nan a bayan ɗaki. Kaza ta yi ƙwai a ciki.

A aji an ce mana kafin mutum ya kafa sana'a sai ya rubuta tsarinta. Na tambayi Inna ina nata. Ta dafa goshinta ta ce, "Ga shi nan." Kuma haka ne. Manomin da za a saya wa, mai shayin da ke son mai garai-garai, mai tsiren da ke son ƙuli ba gishiri, duk a kanta suke.

Asabar, 12 ga Oktoba, bayan magariba

Yau mun je Zoza ni da Inna, gidan Malam Sulle, wanda ke haɗa mata gyaɗar manoman yankin. Ko'ina an cire gyaɗa an kifa ta a gonaki tana shan rana. Ni ina ta ɗokin a buɗe buhu, ita kuwa ta zauna a tabarma ta sha ruwa, ta tambayi iyali, ta tambayi ƙafarsa, ta tambayi saniyar da ta haihu bara. A hanya ta ce mini, "In kin je gidan manomi ki zauna tukuna. Gyaɗar ba guduwa za ta yi ba." Ta koya mini in ciza ƙwayar: in ta ce ƙas ta bushe, in ta lanƙwashe a haƙori da saura.

Mun kusa Karaye ta taɓa ni ta ce, "Yaushe za mu biya wajen Sulle?"

Na ce ai daga can muke. Ta ce au, haka ne.

Gajiya ce. Rana ta yi zafi yau.

Talata, 15 ga Oktoba, da yamma

Ƙulin yau duka an zuba wa awaki. Gishiri ya shiga sau biyu. Anti Lauratu ta ce ita ce, alhali tun safe ba ta matso kusa da kwanon ba.

Laraba, 16 ga Oktoba, da safe

Gajiya ce. Kaka ce, kowa a gajiye yake.

Lahadi, 20 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau ina cikin farin ciki, bari in rubuta kafin ya wuce.

Na daɗe ina tunanin ƙulinmu a kwano ake sayar da shi, a naɗe a takarda, ba wanda ya san na wa ne. Na sayo ƙananan ledoji, na sa aka buga mini takarda mai suna "Hajo da Rekiya", muka yi ƙuli siri-siri mai yaji da citta. Na ɗauki hoto na sa a waya. Kafin azahar 'yan ɗakinmu na makaranta sun dame ni da kira, har wata mai shago a Kabuga, can Kano, ta ce a aiko mata ta gani.

Na kai wa Inna leda ɗaya ina ɗar-ɗar, don ban nemi izininta kan sunan ba. Ta sa aka karanta mata. Ta shafa takardar da ɗan yatsa.

"Uwarki ce mai irin wannan rawar kan," in ji ta. "Ranar da muka fara fitar da mai ba wanda ya saya. Sai ta ce mu kai gidan suna kyauta, a soya waina da shi. Na ce Rekiya kin haukace, man da muka wuni muna matsa? Ta ce ki bari mata su ji ƙamshin. Washegari kafin mu share tsakar gida yara sun yi layi da kwalabe."

Ta ba ni labarin har da launin zanen da Umma ta ɗaura ranar. Wanda ke tuna launin zane lafiyarsa ƙalau. Haka na ce wa Adama. Ta ci gaba da goge inji.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan magariba

Ba zan rubuta yadda abin ya faru ba.

Rufin rumfar suya ya yi baƙi. Hannun Anti Lauratu na dama a naɗe yake daga wuyan hannu zuwa gwiwa, mun dawo daga asibiti ɗazu. Mai yana tafasa a kasko, ba a zuba masa ruwa. Yaron goye ma ya sani a gidan nan. Inna ce ta koya wa kowa.

Da ba don Anti ta ture ta gefe ba.

Alhamdu lillahi. Ya tsaya a hannu.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da hantsi

Inna ta ga bandejin ta ce, "Subhanallahi, Lauratu, me ya same ki?"

Anti ta ce, "Ƙuna ce, Hajiya. A gida."

"Ki riƙa kula. Wuta ba abin wasa ba ce."

"To, Hajiya."

Na shiga ɗakin ajiya na rufe ƙofa.

Litinin, 28 ga Oktoba, da azahar

Mukullin ɗakin ajiya ya ɓata. A gaban Adama, a gaban masu sayen mai, Inna ta nuna ni ta ce tun da yarinyar nan ta zo kaya ke ɓacewa, wa ma ya kawo ta, 'yar gidan wa ce. Ta faɗi wata kalma. Ba zan rubuta ta ba.

An samu mukullin a cikin tulun ruwa.

Na haɗa kayana. Na kira Abba, ya ce in taho gobe, zai nema mini wani wurin a Kano, makaranta ba za ta hana ba.

Talata, 29 ga Oktoba, da safe

Ina zaune a kan jakata Inna ta yi sallama ta shigo da koko da ƙosai. Ta dubi kaina ta ce, "Bahijja, wannan kitson ai ya tsufa. Zauna." Ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta hau tsifa. Hannunta na ƙamshin man gyaɗa. Haka take mini ina ƙarama in Umma na kan turmi, har ja ɗaya take yi a ƙeya, mai sa hawaye. Yau ma ya sa, na ce kitson ne.

Ba ta san an yi jiya ba. Ni kaɗai ke ɗauke da jiyan.

Da ta fita Anti Lauratu ta leƙo ta ga jakar. Ta ce, "In za ki tafi ba wanda zai ga laifinki. Mu mun fi shekara muna rufawa. Mun ɗauka in muka yi shiru zai wuce."

Na kira Abba na ce ya dakata.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, bayan sallar Juma'a

Na gane da safe Inna ta fi zama daidai, daga asuba zuwa hantsi. In na yi mata tambaya kai tsaye sai ta rikice ta yi fushi. In na ce, "Inna, ba ni labarin yadda kuka haɗu da mai tsiren bakin tasha," sai komai ya zubo: sunansa, sunan ubansa, ranar da yake aiko yaro, abin da ya taɓa haɗa su faɗa da yadda suka shirya. Haka nake bi ɗaya bayan ɗaya. Da rana in ɗauki jarka in je in gaishe su da kaina, in ce ni 'yar Rekiya ce. Wasu har yanzu suna tuna Umma. Wata tsohuwa mai waina ta riƙe hannuna ta ƙi saki.

Mai shagon Kabuga ta ce ƙulin ya ƙare, a ƙaro, amma yajin ya yi wa yara yawa. Raina ya ɗan sosu, don ni na auna yajin. Adama ta ce to mu yi iri biyu mana. Mun yi.

Mun daina barin Inna kusa da wuta. Mun ce mata zaɓen gyaɗa ya fi ƙarfin idonmu, sai ita. Tana zama a inuwa da faifai tana tsince ruɓaɓɓu, tana yi mana faɗa.

Talata, 5 ga Nuwamba, bayan magariba

An same ta.

Tun hantsi faifan yana nan, Inna ba ta nan. Mun duba maƙwabta, kasuwa, asibiti, har bakin dam Adama ta je. Sai bayan la'asar wani mai babur ya kawo ta. A Rogo Ruma aka gan ta, a ƙofar wani gida, tana sallama tana neman mai gidan ya fito da gyaɗa. Mutumin ya rasu tun ina firamare. Jikokinsa ne suka gane ta, suka ba ta abinci, suka sa aka dawo da ita.

Takalmi ɗaya ne a ƙafarta. Ta ce mana kasuwa ba kyau yau.

Anti Lauratu ta kira Yaya Badaru, ɗan Inna da ke aiki a Kano. Ta gaya masa duka, har da hannun.

Laraba, 6 ga Nuwamba, da asuba

Ba gajiya ba ce.

Asabar, 9 ga Nuwamba, da yamma

Yaya Badaru ya kai ta Kano wajen likita sun dawo. Abin yana da suna. Ya faɗa mana, na ji, na taɓa karanta shi ma. Ba zan sa shi a nan kusa da sunanta ba.

Ya tara mu a zaure. Ya ce ƙarshen wata zai ɗauke ta ta koma gidansa, kusa da asibiti. Injinan kuma akwai wani a Rogo da ke so.

Ban san lokacin da na ce, "Yaya, sayarwa za ka yi?" ba.

Ya ce, "To me zan yi, Bahijja? Sana'ar ita ce, ita kuma ga ta nan. Ke baƙuwa ce, wata nawa ya rage miki? In wuta ta sake tashi wa zan kama?"

Na so in ce ni ba baƙuwa ba ce, a kan buhunan nan na koyi zama. Amma na ga idonsa. Da zan zubar da shara na same shi a bayan mota ya dafa ta da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa. Shi ne mai goya ni zuwa kallon injin niƙa a da, in ƙarar ta tsorata ni ya toshe mini kunne. Na koma da sharar ciki.

Laraba, 13 ga Nuwamba, bayan magariba

Malam Abdulsalami ya zo duba ni daga makaranta. Ya ga rufin rumfa, ya ga hannun Anti, ya gaisa da Inna, ta tambaye shi ko shi ne mai awon hatsi. Bai yi tambaya da yawa ba. Ya ce in ina so zai mayar da ni wani kamfani a Kano. Na ce ina so in yi shawara da shi a kan wani abu daban.

Muka zauna a kan buhu har da Anti da Adama. Ya tambaye mu: wa zai sayo gyaɗa, wa zai tsaya kan wuta, wa zai kai kaya, in na koma makaranta wa zai riƙe wayar masu saye? Inda ba mu da amsa bai ba mu ba, ya ce mu nemo. Adama ce ta ba ni mamaki. Ashe ta daɗe tana son ta ce a riƙa niƙa wa matan unguwa gyaɗarsu a ranakun da inji ke zaune, kunya ta hana ta.

Da yamma muka kira Yaya Badaru mu uku. Mun roƙe shi ya bar injinan zuwa damina. Sannan ya ce, "Gyaɗar bana fa? Malam Sulle ba ya hulɗa da kowa sai Inna. In ya ba ku, na bari. In ya hana, kada ku sake yi mini maganar."

Lahadi, 17 ga Nuwamba, bayan magariba

Na je Zoza ni kaɗai.

Na zauna. Na sha ruwa. Na tambayi iyali da ƙafa. Saniyar na manta, shi ya tuna mini, yana murmushi. Sai ya ce, "Ina Hajo?"

Na sunkuyar da kai. Ya kawar da kai ya dubi gona. Ya ce, "Wancan zuwan ta tambaye ni lafiyar mahaifiyata. Ita ta yi mata wanka da ta rasu." Ya juyo ya dube ni. "Allah ya sa kaffara ne."

Na ce amin. Wannan ne karo na farko da na yi maganar da wani ba tare da na ce gajiya ba.

Ya sa aka fito da buhuna. Na bi su ina ciza. Yawanci ƙas. Na ƙarshen nan kuwa sun lanƙwashe. Dattijo ne, sa'an kakana, kuma a hannunsa komai yake. Na ce a raina in karɓa kawai in shanya a gida, kada in ɓata. Sai na tuna man da zai fito, da sunan da ke jikin ledar.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, waɗannan da sauransu, ba su gama bushewa ba."

Ya ɗauki ƙwaya ya ciza. Ya ɓata fuska, ba da ni ba, da ɗan ƙanensa mai buhunan. Ya ce a kwance a baza a rana. Sannan ya juyo ya ce, "Sauran ki turo mota jibi. Waɗannan kuma sai sati mai zuwa. Ki gaida Lauratu da hannu."

A babur ɗin dawowa na yi ta kuka, mai babur ya ɗauka tsoron gudu nake, ya rage.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, da yamma

Matsar farko ba tare da Inna ta leƙa ba. Man ya ƙi fita. Na cika ruwa, kullun ya saki ya zama kamar kunu. Anti ta zauna daɓas a ƙasa. Mun yi ƙuli da abin da ya samu, ba na sayarwa ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba, bayan la'asar

Man ya fita. Anti na ba da umarni da hannun hagu, ni a kan kasko, Adama a kan inji. Da ya fara taruwa a gefe, ja-ja, garai-garai, Adama ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo ko haihuwa aka yi.

Yaya Badaru ya iso. Ya kira mutumin Rogo a gabanmu ya ba shi haƙuri. Mun shirya: Anti ce shugaba, Adama inji da niƙan unguwa, ni masu saye da Zoza, in na koma makaranta ta waya, in zo duk ƙarshen mako.

Na taya haɗa kayan Inna. Zannuwanta duk ƙamshi ɗaya suke.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, da hantsi

Sun tafi.

An yi mata kwalliya, an zaunar da ita a kujera a ƙofar gida ana loda kaya. Ta ɗauka biki za a je. Na fito da kwalbar man jiya zan sa a mota, sai ta yafito ni.

"Yarinya, na sayarwa ne?"

Na dubi idonta. Ba ni a ciki, ba Umma. Kallon kirki ne, irin wanda take yi wa baƙo.

Na durƙusa na miƙa mata. Ta buɗe ta shinshina. Ta ɗaga kwalbar ta duba a rana. Ta ɗiga a yatsa ta murza ta lasa.

"Wa ya matsa?"

"Mu ne, Inna."

"Wutar ta ɗan yi yawa a ƙarshen suya." Ta sake lasa. "Amma mai ne. Wannan mai ne na gaske. Ina gidanku yake?"

Na nuna mata ƙofar da ke bayanta. Ta juya ta daɗe tana kallon zauren, da rumfar, da hayaƙin da ke tashi.

"To, ku riƙe da kyau," in ji ta. "Zan riƙa turo muku masu saye. Na san mutane."

Yaya Badaru ya kama hannunta ya sa ta a mota. Ta ƙi yarda a sa kwalbar a but, a cinyarta ta riƙe ta. Muka tsaya har suka sha kwana.

Anti Lauratu ta goge ido da gefen mayafi. Ta ce, "Kin dai ji. Gobe a rage wutar."